Ganyen da Inna Ta Aiko

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina kwananku, ya jikin Inna? Ya gida? Ya yara, ya damina? Allah ya sa gero ya yi kyau.

Yaya, hankalina a tashe yake. Kun ji Rabi ta sauka, amma ban faɗa muku tiyata aka yi mata ba. Likita ta ce kada ruwa ya taɓa ɗinkin. Sai ga ganyen runhu Inna ta aiko har Alƙahira, da saƙon lallai a yi wankan jego. Ina makaranta Rabi ta tafasa ruwa, wai ba za ta saɓa wa surukarta ba. Ɗinkin ya buɗe. Ga sojoji sun tare hanyoyin Madinat Nasr, da ƙyar muka kai asibiti. Yau kwana uku zazzaɓi bai sauka ba. Jaririyar tana hannun maƙwabciyarmu, wata 'yar Nijar.

Laifina ne, ni na ɓoye. Ku taya mu da addu'a, ki gaida kowa. Idan Inna ta tambaya, ki ce ganyenta ya iso, mun gode. Don Allah kada ki ƙara komai.

Ƙaninki,
Sani