Gurasar Muhyiddeen

Port Saeed, Dubai

Zuwa ga Yaya Asama'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Umma? Na ba Ɗantani wannan takarda ya taho miki da ita, don maganar ta fi ƙarfin waya. Idan na ji muryarki kuka zan yi.

Kin san tsohon nan da nake jinya a gidan 'yarsa Khairunnisa, Malam Sharfuddeen mutumin Uzbekistan, wanda kowa ke kira Bobo, wato kaka. Malamin firamare ne a da, daga baya ya koma rubuta wa yara waƙoƙi da labarai. Littattafansa sun cika kanta guda a ɗakinsa. Ba na iya karanta ko harafi, amma yakan nuna mini hotunan, yana kwaikwayon kukan jaki har tari ya sarƙe shi. A kowane littafi akwai wani yaro mai manyan kunnuwa, Muhyiddeen, da zai fita yawo ya ɓata, amma kullum sai ya dawo gida da yunwa. Ni na ɗauka yaron ƙirƙira ne.

Kin kuma san ni da shara, tunda ke kika sa mini suna Hajiya Tsintsiya. Likita ya ce ƙura ba ta yi wa ƙirjin Bobo kyau, ni kuwa kamar an sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Ranar da aka kai shi asibiti na juye ɗakin kaf. A saman gadonsa akwai wani ƙulli a rataye. Na kwance, sai ga gurasa irin tasu, ta bushe kamar katako, an ɗan gatsi gefenta. Na ce a raina, ai tsufa ke nan, mutum ya ajiye abinci ya manta. Umma ba ta koya mana zuba abinci a shara ba, saboda haka na jiƙa ta, na kai bakin ruwa wajen da kwale-kwale ke ɗaukar fasinja, na watsa wa tsuntsaye. Ƙyallen kuma na wanke, na goge, na ninke a kan matashinsa. Har ina jiran yabo, Yaya!

Da ya dawo ya ga ƙyallen, bai yi faɗa ba. Zama ya yi a bakin gado yana shinshina shi. Khairunnisa ce ta ja ni kicin ta yi mini bayani. A al'adarsu mai tafiya yakan gatsi gurasa, a rataye sauran, rabonsa ne da zai dawo ya ƙarasa. Muhyiddeen yayanta ne na gaske. Shi ya gatsi gurasar nan ranar da aka ɗebe su soja zuwa Afghanistan, tun tana 'yar ƙarama, ko gawarsa ba a kawo ba. Bayan tafiyarsa Bobo ya fara rubutu.

Wallahi da ƙasa za ta buɗe da na shige. Khairunnisa ba ta kore ni ba, na fi son ta kore ni. Tun ranar Bobo ya daina cin abinci, kuma maganinsa ba ya shayuwa sai da ci. Ina ganin hannunsa na ƙara ramewa, kuma ni ce sila. Ki sa Umma ta yi mana addu'a, amma kada ki faɗa mata dalili.

Ƙanwarki,
Mahfuza

Port Saeed, Dubai

Yaya Asama'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kowa da kowa, da fatan Umma ta samu sauƙi. Na ga saƙonki, kuma faɗan da kika yi mini na cancanta, ban da inda kika ce hannuna ya fi kaina sauri. Wannan kam a gidanmu na gada.

Bobo ya ci abinci. Ga yadda aka yi. Ranar Juma'a bayan la'asar ya sa Khairunnisa ta ce mini in tura shi a kekensa na marasa lafiya zuwa inda na watsa gurasar, ita ma ta biyo mu. Hanyar ba nisa, amma ban taɓa yin tafiya mai nauyinta ba. Ya daɗe yana kallon tsuntsayen suna wawaso a kan ruwa. Na durƙusa na ba shi haƙuri da ɗan Larabcina, ban san ko ya fahimta ba, don ko kallona bai yi ba. A hanyar komawa ya faɗa wa 'yarsa, ita kuma ta fassara mini, cewa shi ya yi ta dawo da yaron nan gida a takarda har ya tsufa, yanzu ya gaji, gida yake so. Da muka isa ya sha romo, ya karɓi magani daga hannuna.

Jiya suka tafi Tashkent, babban birnin ƙasarsu. Kafin su fita ya aiki direba ya sayo gurasa mai zafi. Da 'yan haƙoran da suka rage masa ya gatsa, da ƙyar, sannan ya naɗe sauran a ƙyallen nan da na goge, ya ɗora mini a hannu. Khairunnisa ta juya baya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, Yaya, na ga hoton ƙirjinsa, na san da wuya ya dawo, shi ma ya san na gani.

Mai gidanmu ya hana buga ƙusa a bango, na buga, na rataye ƙullin. Na gargaɗi A'i, abokiyar ɗakina, kada ta kuskura ta taɓa. Yau da safe na share ko'ina, na zo gindin ƙullin na tsaya da tsintsiya a hannu, har na makara zuwa sabon aikina.

Ki gaishe mini da Umma da yara.

Taki har kullum,
Mahfuza