Baba Ya Ƙi Komawa Wurin Malamin

Zuwa ga Yayana Zeyar,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, sanyin Busan bai matsa maka ba. Duk safiyar da na kai fure gaban Buddha sai na sa ka a addu'a. Mu nan garin Pakokku lafiya, in ban da Baba, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Tun rasuwar Inna ya duƙufa kan littattafan zaman natsuwa da kake aiko masa. Yanzu awa shida yake yi a ɗaki shi kaɗai yana bin numfashinsa. Ya daina cin abinci bayan tsakar rana kamar masu zuhudu, ya rame, yana cewa kansa kamar an ɗaure da igiya. Wai littafi ya ce alamar ci gaba ce. Ranar Talata jiri ya kayar da shi a bakin rijiya. Yaya, tsoro nake ji.

Goggo Nyunt ta ce mu kai shi gidan zuhudu na bayan gari, inda malami ke sauraron kowane mai zama da safe yana gyara masa. Matsalar ita ce malamin tsohon ɗalibin Baba ne a aji huɗu, lokacin da Baba yake koyarwa a firamare. Baba ya ce, "Toe mai majina, wanda jadawalin lissafin sau bakwai ya gagara, shi zan durƙusa wa sau uku?" Goggo ta ce, "Kai da ka iya jadawalin, ga ka nan a bakin rijiya." Da kyar muka ja shi.

Ya durƙusa kuwa, fuska a murtuke. Malamin bai bi ta kan littafi ba. Tambaya ɗaya ya yi wa Baba, in ya zauna me ke fara zuwa masa. Baba ya ce tarin Inna yake ji, sai ya danne numfashi ya kore shi, tunda an rubuta a mayar da hankali kan hanci. Malamin ya ce a hankali, "Malam, ai ba a ce ka kore ta ba. Wata takwas kana kokawa da ita kai kaɗai." Nan Baba ya fashe da kuka, irin wanda bai yi ba ko ranar jana'iza.

Na ɗauka mun samu sauƙi. Ina! Ya ce tunda yaron da ya koyar ya ga hawayensa, ƙafarsa ba za ta sake taka wurin ba. Tawa ba ya ji, taka yake ji. Kar ka ƙara aiko littafi. Ka rubuto masa da hannunka, ka ce ya koma.

Ka gaida matarka Hnin Wai da Kawu Thaung. Zan tsaya nan, don yau kwana biyu ke nan Baba yana zaman nan nasa a ɗaki, kuma ƙofar da yake bari a buɗe yanzu sakata yake sa mata.

Ƙanwarka,
Sandar