Ɗana Ya Kulle Mini Inji Saboda Baƙin Mai

Malama Zinariya, assalamu alaikum. Ki taimaka ki raba ni da ɗana Abdulsalami kafin bakina ya furta abin da zai dame shi. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara ko kalma ɗaya.

Shekara arba'in da biyu ina riƙe da injin yankan itace a garin Bauchi. Tun Gubi tana daji nake shiga. Babu maɗacin da ke GRA da ban san shekarar da aka rage masa reshe ba. Duk tsawon nan haɗina ɗaya ne: galan na fetur, gwangwanin tumatir biyu na baƙin mai, wanda bakanike ya juye daga mota. Fetur kuwa a yatsa nake ɗiga shi in shinshina, in san ko an yi masa algus da kananzir.

To, tsohon injina ya gaji, sai yaron nan ya sayo mini sabo, mara nauyi kamar abin wasan yara. Wai sai an zuba masa wani jan mai na roba, tu-ti, da awo kamar maganin tari. Wai fetur ma yana da lamba, okten ko me, a waya ya gani. Mutumin da bai taɓa kayar da ko zogale ba! Na yi haɗina. Sati uku, ina tsakiyar wata ɗorawa a Inkil, abin ya yi tari ya ƙame. Bakanike ya ce fistin, ƙarfen da ke kai da kawowa a cikin injin, ya kama. Abdulsalami ya kai aka gyara, ya kulle a ɗakinsa, wai sai na yi alkawarin daina zuba baƙin mai. Ni kuma na ce kada ya sake taka zaurena. Yau kwana ashirin ke nan. Ki gaya masa ƙarfen zamani ne rago, zan sa a karanta masa a gaban mutane.

Tsoho Mai Inji, Bauchi

Wa alaikumus salam, Baba. Ba zan gaya masa haka ba, amma kana da gaskiya a wuri biyu. Gwangwani biyu a galan awo ne da ya dace da injinan da, masu son mai da yawa. Maganar okten kuma Abdulsalami ya zuzuta ta: lambar tana nuna yadda fetur ke jure matsi ne kawai, kuma a gidajen manmu ba a ba ka zaɓi. Abin lura shi ne fetur sabo mara algus, kuma a nan hancinka ya fi wayarsa amfani.

Sai dai baƙin mai, Baba, mai ne da mota ta gama cinye amfaninsa, cike da garin ƙarfe da toka. Tsohon injinka haƙuri ya yi da kai. Sabon yana gudu fiye da shi, ya fi shi zafi, shi ya sa bai kai wata ba. A galan mai lita huɗu, tu-ti gwangwani ɗaya da ɗan ƙari ya isa, amma a duba takardar injin a tabbatar. Ka haɗa na 'yan kwanaki kawai, ka girgiza kafin ka zuba.

Yaron da ya saya, ya gyara, bai yi maka gori ba, ba raini ne ya sa shi kulle ƙofa ba. Amma kulle wa uba kayan sana'arsa kuskure ne, ya kawo ya ba da haƙuri. Kai kuma ka aika a kira shi yau, kuma ku karanta wannan ku biyu kawai. Allah ya ƙara lafiya, ya huci zuciya.