Ni Take Ba Umarni, Baƙo Kuma Ta Roƙe Shi

Anti Jumai, don Allah ki taimake ni da shawara, wani abu ya tsaya min a rai. Ni 'yar Maradi ce, tun 1996 nake zuwa Guangzhou sarin wandunan jins. Bara, a wani shago a Xintang, na haɗu da wata 'yar Armeniya mai suna Hasmik, ita ma sari ke kawo ta. Duk abin da muka nuna sai mai shagon ya ce "meyo", wato babu, har muka kalli juna muka fashe da dariya. Tun daga ranar ɗaki ɗaya muke kamawa a titin Huanshi Lu. Da guntun Faransanci da nuni muke hira. Mutuniyar kirki ce, Anti. Ba musulma ba ce, amma ba ta taɓa shigo mana da naman alade ba, kuma da zazzaɓi ya kwantar da ni ita ta yi jinyata kwana huɗu.

Yarenta ne matsalar. In za ta kira ni sai ta ce "ari", wato zo. "Nistir", zauna. "Ker", ci. Kalma ɗaya tak kamar jifa, wani lokaci ta liƙa "jan" a bayan sunana. Alhali na girme ta da shekara bakwai, har jika gare ni. Da farko daɗin koyo nake ji, ina rubutawa a bayan katin shaguna. To ran nan wani dattijo ɗan ƙasarsu, wanda ba ta ma sani ba, ya zo karɓar saƙo. Sai na ji harshenta ya sauya, "khindrum em, nistek". Da na tambaya ta ce ma'anarsa ina roƙo, ku zauna. Ashe akwai roƙo a yaren, ni ce dai ba a yi wa?

Na haddace maganar da ta yi wa dattijon, washegari da na haɗa shayi na faɗa mata ita tsaf, don ta ji yadda ake yi wa mutum magana. Ta ajiye kofin, ta daɗe tana kallona. Yau kwana biyar ke nan da doguwar maganar nan ta baƙi take min magana, ba dariya, ba "jan". Na samu abin da na nema, kuma wallahi ɗakin ya yi min sanyi. Saura mako biyu kowa ta koma ƙasarta. Wai wane irin yare ne wannan? Raini ne, ko ni ce ban gane ba?

Mai Son Sani, Guangzhou

'Yar'uwa, ni ma ban iya yaren ba, amma wasiƙarki ta hana ni zama sai da na nemi Dakta Isufu, likitan da ya yi karatu a Yerevan, babban birnin Armeniya, zamanin Tarayyar Sobiyat. Ya ce suna da "du" da "duk", kamar "ke" da "ku". Gajeren umarnin na 'yan'uwa ne da aminai. Mai ƙarewa da "ek" na jama'a ne, ko babba, ko wanda ba a saba da shi ba. "Jan" kuwa ƙauna ce zalla.

Ki duba namu mana. Ƙawarki kike ce wa "zo ki ci", surukinki kuma "ku shigo". Ranar da aminiyarki ta fara ce miki "ku zauna, Hajiya", kin san akwai magana a ƙasa. Abin da Hasmik ta ji ke nan, cewa kin fitar da ita daga 'yan gida.

Ban ce jin zafinki banza ne ba. Kin girme ta, kuma mun tashi inda shekara ɗaya ma ake girmama ta. Da ta tambaye ki yadda kike son a kira ki, da ya fi. Amma ke ma ba ki tambaya ba, kika yi mata darasi a fakaice da yaren da ba ki gama sani ba.

Kada ki bari ku hau jirgi a haka. Ki zaunar da ita yau, ki ce kin yi kuskuren fahimta, ki bayyana mata yadda ake yi wa babba magana a Maradi. In kina son girmanki, koya mata ta ce miki Yaya, ki bar mata gajerun kalmominta. Allah ya daidaita tsakaninku, ya mai da kowa gida lafiya.

Anti Jumai