Gaurakan Ƙarfe a Bangon Zaure

Zuwa ga yayana, Garba Maƙeri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan makwancinka ya yi sanyi. Ƙanenka Ilu ne. Ka san ban yi karatu ba, 'yarka Hansai ce ke riƙe da biro, ni ke faɗa.

Shekarar da aka yanke mana Jigawa daga Kano ka ƙera fitilar nan mai siffar gauraka. Birnin Kudu duk ta fita murna, kai kana maƙera kana huda fuka-fukansa. Da muka tayar da zaure, tun laka na ɗanya, ka dasa ƙafarsa a bango har kamu biyu. Kaskon mai ka ɓoye shi bayan fiffike. In an kunna da magariba, haske ya bi ta hujin ya bazu a bango, sai ka rantse tsuntsun zai tashi. Masu dawowa daga kasuwar Gwaram har tsayawa suke su leƙo.

Ka ce da ni, "Ilu, yaɓen ƙasa za ka riƙa yi masa, ban da siminti. Bangon laka numfashi yake yi."

Yaya, na sa simintin. Bayan rasuwarka maƙwabta duk suka shafe nasu, na ji kunya. Hansai ta tuna mini maganarka, na ce ta rufe mini baki. Ga shi yau da hannunta take rubuta wannan.

Bana ruwa ya shiga ta sama, ya rasa mafita. Jiya na ƙwanƙwasa bangon, ya amsa kamar ganga. Tsaga ta taso daga ƙafar gaurakan har ƙasa, yatsana na shiga ciki. Wuyansa ya sunkuyo, tsatsa na zubowa ja. Kuma ta ƙarƙashinsa jikokinka ke wucewa safe da yamma. Ko kaza ce ta yi motsi a zauren, sai in fito da gudu in duba.

Magini ya ce a rushe kawai. Na san su, igiya za su ɗaura su ja, gaurakan ya lanƙwashe a cikin ɓaraguzai. Wani ɗan kasuwa daga Kano kuma ya ce aikin Turawa ne, zai sa masa ƙwan lantarki a otal. Na kore shi. Aikin Turawa, Yaya, ni da na yi maka zuga!

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, kai kuma ka yafe mini taurin kai.

Gobe in na idar da sallar asuba, zan fitar da yara ta ƙofar baya, in ɗauko masabarka, gudumar ƙirar nan, in tone ƙafar gaurakan da kaina, a hankali. Ban sani ba ko ita ce ta rage tana riƙe da bangon. In bangon ya jira ni, Hansai za ta tafi da gaurakanka ɗakinta. In bai jira ba, sauran bayanin na yi maka baki da baki.

Naka,
Ilu.