Ƙanena Lejb Ba Ƙagagge Ba Ne

Gitla Mandelkorn,
Titin Próchnika 19, Łódź.
3 ga Nuwamba, 2009.

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Hukumar Ɗakunan Karatu ta Gundumar Wirzewo.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: Ajiye littattafaina huɗu a sashen ƙagaggun labarai

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni haifaffiyar Wirzewo ce, shekaruna saba'in da takwas. Tun 1961 nake rubutu, kuma duk a kan abu ɗaya: wata goma sha tara da ni da ƙanena Lejb muka yi a ramin dankali, ƙarƙashin ɗakin girkin wata manomiya, lokacin da Jamusawa ke farautar Yahudawa. Ga kokena.

1. Ranar 12 ga Oktoba aka gayyace ni yi wa ɗalibai magana a ɗakin karatu na gari. Na duba sashen tarihi, babu littattafaina. Can na tsince su tsakanin labaran soyayya da na 'yan fashi.

2. Ma'aikaciyar wurin, Malama Wiesława, ta bayyana mini cikin ladabi cewa ƙa'idarku ce: duk littafin da aka canza sunan mutum a ciki, ƙagagge ne. Gaskiya ne, na canza suna ɗaya. Ranar da na fito daga ramin, matar da ta ɓoye mu ta sa na rantse ba zan taɓa ambaton ta ba, don maƙwabta za su ce zinariyar Yahudawa ta ci, su cinna wa rumbunta wuta. Kai ma ka san garinmu. 'Yarta, wadda aka haifa bayan yaƙi, tana zuwa coci da jikokin maƙwabtan nan, kuma ko bara ta sake roƙona in ja bakina.

3. An ce in kawo takardar shaida cewa labarin gaskiya ne. Daga ina? Rajistar haihuwarmu ta ƙone tare da wurin ibadarmu a 1942. Hoto babu. Zazzaɓi ya kashe Lejb a ramin yana ɗan shekara shida, aka binne shi a gona ba alama.

4. Da na gama magana, wata ɗaliba ta tambaye ni, da zuciya ɗaya, yadda na ƙirƙiro Lejb, wai duk cikin littafin shi ta fi so. A ramin ban taɓa kuka ba, don za a ji daga sama. Amma ranar da aka yi mini tambayar nan sai da na yi shi a tashar jirgin ƙasa, gaban jama'a.

5. Na rubuto maka ranar 15 da ranar 24 ga Oktoba, shiru kake ji. Ranar 20 ga watan nan za a yi mini aiki a zuciya, likita kuma bai yi mini alkawarin komai ba. Ina jin tsoro, ranka ya daɗe. Ba sauran mai rai da ya ga fuskar Lejb sai ni. In na tafi, abin da aka rubuta a saman kantar littattafan nan shi yaran gari za su yarda da shi.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙo ka ba da umarni a mayar da littattafan sashen tarihi kafin ranar 20. Mutum ɗaya zai ɗauke su a hannu ɗaya. In kuwa sai da sunan matar za ka yarda, yana bakina, shekara sittin da biyar ina riƙe da shi. Don Allah kada ka sa in karya mata rantsuwa kafin a yarda an haifi ƙanena.

Taka cikin ladabi da biyayya,

Gitla Mandelkorn