Ƙayar Dutsen Inna Ta Ƙare

Iku, Suleja
18 ga Oktoba, 1979

Zuwa ga Yaya Uwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ke da Malam Lado da yara, da fatan sanyin Jos bai takura muku ba. Mu nan mun fara yankan shinkafa, yara kuma kalau suke. Inna ce dai babu daɗi.

Yaya, ciwon cikinta ya dawo tun tsakiyar damina. Idanunta sun yi rawaya, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Mun kai ta asibiti sau biyu. Likita ya ja ni gefe ya ce hanta ce, ta ci jiki, mu koma gida mu riƙa ba ta abin da ranta yake so. Ita kuwa abu ɗaya take nema: ƙayar dutse, mai furen nan kamar ƙwallo, wadda take jiƙa saiwarta tun muna ƙanana. Ta ce in ta sha sau uku za ta tashi ta yi mana tuwo.

Na hau dutsen bayan gonarmu nemanta. Kamfanin da ke fasa tsakuwar hanya ya cinye gefen da take fitowa. Kwazazzabon nan da muke tsinkarta da zanin Inna a hannu don kada ta soke mu, yanzu rami ne fari fat. Wani direbansu, Alphonsus, ya ga ina tone-tone, ya tambaye ni, ya ce shi ciyawa kawai ya gani lokacin da suka ture wurin, in yi haƙuri. Kwana huɗu ina bin duwatsun Tafa da Gauraka. Tushe ɗaya na samu, shi ma wutar mafarauta ta lashe shi. Dogara mai magani ya ce ƙayar ba ta yarda da ƙasar fadama, ko an dasa mutuwa take yi.

Ban iya gaya wa Inna ba. Saiwar sabara nake jiƙa mata. Jiya ta kurɓa, ta dube ni, ta ce ɗacin bai kai ba, ta juya fuska bango. Ba ta sake tambaya ba.

Ga busasshen ganyenta ɗaya da na tsinta cikin kayan Inna, na sa cikin ambulan. Ki nuna wa mutanen kan dutse a can, ko Allah zai sa su gane ta. In an samu, ki ba direban motar kasuwa. In ba a samu ba, kada ki ɓata kwanaki kina nema, ki taho ke kanki, kafin Juma'a ta sama in da hali.

Ki gaida Malam Lado, da yaranku Zainabu da Lukuman. Iyalina, Hajjo da Asibi, suna gaishe ki. Inna ta ce a gaya miki ta ji sauƙi.

Ƙaninki,
Mu'azu